Saura Mako Uku a Yi Jere, Amma Hankalina Bai Kwanta da Gidan Ba

Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne, ina da ɗan shago a wajen Terminus a nan Jos. Bikina saura mako uku, cikin Disamba in Allah ya kai mu. Na kama hayar ɗaki biyu da falo a wajen Rikkos, na biya kuɗin shekara. Gidan na wani Alhaji ne aminin mahaifina, har ragi ya yi min saboda wannan zumunci. An yi wa gidan sabon fenti, amma da na koma ni kaɗai na duba a tsanake, sai na ga fentin ƙasan bangon uwar ɗaka yana kumbura yana ɓarewa, ga tsaga daga kusurwar taga ta gangara ƙasa, soket biyu sun yi baƙi, rijiyar tsakar gida kuma da tsohon kwano aka rufe ta. Gidan ya kusa shekara ba kowa a ciki. Na yi wa dillali magana, ya ce kowane gida haka yake. Kunya ta hana ni tunkarar Alhaji, kada a ce ya yi min alheri na saka masa da raini. Kuɗi sun ƙare a hidimar biki, ga 'yan jere sun sa rana. In yi shiru mu tare, in ya so mu riƙa gyarawa a hankali?

Wani ango daga Jos

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya.

Kada ka yi shiru. Ka tuna ba kai ne za ka fi zama a gidan nan ba. Da safe za ka kama hanyar shago, sai magariba ko bayan isha'i. Yarinyar da iyayenta za su damƙa maka amana ita za ta wuni a ciki ita kaɗai, ita za ta taɓa soket da jiƙaƙƙen hannu, ita za ta ja guga a rijiyar nan, ita za ta kunna gas. Ɗora kunyar Alhaji a hannu ɗaya, wannan amanar a ɗaya hannun, ka ji wadda ta fi nauyi. Kuma ina kyautata zaton mutumin da ya rage maka kuɗi don darajar mahaifinka ba zai so wani abu ya sami amaryarka a gidansa ba. Sau da yawa masu gidajen haya ba su san halin da gidan yake ciki ba. Kuɗin fenti suke bayarwa, a dawo musu da labarin cewa komai ya yi. Dillali kuwa ya riga ya karɓi la'adarsa, maganarsa ba hujja ba ce.

Batun a tare a riƙa gyarawa a hankali, cire shi a ranka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da zarar 'yan jere sun kafa gado, sun jingina wadrof a bangon nan mai laima, sun shimfiɗa kafet sun rataya labule, ba mai sake ganin abin da ke bayansu sai ya ɓaci. Yanzu da gidan yake wayam, aikin kwana biyu ne. Bayan tarewa kuwa sai an fitar da kaya tsakar gida, an shigo wa amarya da maza ma'aikata, an bar mata ƙura.

Ba cewa nake ka gyara komai ba, na san aljihun ango a mako ukun ƙarshe. Abin da zai iya kashe mutum a dare ɗaya shi ne na farko, sai wanda ke sa ciwo sannu a hankali. Wanda kawai ba shi da kyan gani, kamar fasasshen tayil ko ƙofar da fentinta ya koɗe, bar shi sai Allah ya hore.

Fara da wuta, domin soket ɗin nan da suka yi baƙi sun fi komai tayar min da hankali. Soket ba ya baƙi haka kawai. Ko dai wayar cikinsa ta saki tana tartsatsi, ko an ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa, ko wayar da aka ja tun farko siririya ce. Sake masa fuska ba gyara ba ne. Nemo mai gyaran wuta wanda kai ka yarda da shi, ka tsaya a kansa ya kwance soket ɗin a gabanka. Duba da idonka: robar wayar ta narke? Ta bushe har tana karyewa in an lanƙwasa ta? Jan ƙarfe ne na gaske a ciki, ko wani farin ƙarfe ne da aka shafa wa launi? A ƙa'idar aikin, wayar fitilu mai lamba 1.5 ce, ta soket 2.5, abubuwa masu jan wuta sosai irin hitar banɗaki da murhun lantarki kuwa layinsu daban ake ja musu da waya mai lamba 4 ko 6. Akwai gidajen da aka zuba musu siririyar waya ko'ina don a rage kuɗi. Tana iya ɗaukar ƙwan fitila da fanka shekara da shekaru ba matsala, sai ranar da amarya ta jona firji da dutsen guga da butar lantarki a lokaci guda, wayar ta yi zafi a cikin bango inda ba mai gani.

Sa shi ya hau cikin silin da tocila, in da hali kai ma ka leƙa. A can ake samun wayoyin da aka murɗa aka naɗe da leda, da waɗanda ɓera ya gaigaye har ƙarfen ya fito, kwance a kan busasshen katako. Gobara da yawa daga nan suke tashi. Tunda an riga an hau, a kashe tocilar na ɗan lokaci da rana tsaka: duk inda haske ya ratso ta kwano, nan ruwa zai biyo da damina. A duba katakon rufi ko akwai baƙin tabon ruwa, a soka masa sukudireba ko gara ta cinye cikinsa ta bar ɓawo. In silin ɗin tsohon asbesto ne, kada a fasa shi ko a huda shi, ƙurarsa ce ke lalata huhu, amma in yana nan lafiya ba a taɓa shi ba, ba ya cutarwa.

Daga nan sai akwatin rarraba wuta. Wani lokaci za ka tarar fiyus ya taɓa ƙonewa an maye gurbinsa da kakkaurar waya, wato an cire wa gidan abin da zai katse wuta in ta yi yawa. A kashe bireka ɗaya bayan ɗaya a tabbatar kowanne yana katse ɓangarensa, ka rubuta a jikinsa wane ɗaki yake riƙe da shi. Tambayi mai gyaran ya nuna maka wayar atin, wadda ke sauke wuta zuwa ƙasa, ya bi ta har inda aka binne sandarta, domin a wasu gidajen ramin soket na uku fanko ne, ba a haɗa shi da komai ba. Gidan da ba shi da ita, shi ne za ka ji firji ko kan famfo yana jan mutum. In akwai abu ɗaya da zan ce ka ci bashi ka saya, to shi ne birekan nan mai lamba 30mA, mai ɗan maɓallin gwaji a jikinsa, wanda ke katse wuta nan take in ta fara bi ta jikin mutum. Idan za ku yi amfani da janareta, a tabbatar akwai abin canja wuta na gaske tsakaninsa da layin NEPA, ba waya mai kai biyu da ake cusawa a soket ba.

Ɗauki lambar mita ka je ofishin JED, kamfanin raba wutar lantarki na Jos, ka tambayi ko akwai bashi a kanta, tun kafin ka fara sa kati ka ga ana zaftare maka. A duba kuma ko wanda ya tashi ya zagaye mitar, domin in aka zo aka gani, wanda aka tarar a gidan shi zai fara amsa tambaya. Sannan ranar da akwai wuta, kashe komai na gidan ka tsaya ka kalli mitar. In tana ci gaba da ci, wani yana sha daga layinka.

Yanzu bari in tsaya a kan abin da ba ka ambata ba, wanda kuma ya fi damuna da masu tarewa a Disamba. Garin nan bisa tudu yake, sama da mita 1,200 daga matakin teku, sanyin Disamba da Janairu kuwa ba sai na ba ka labari ba. Sabon gida, ba a saba da shi ba, iska tana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, sai a toshe ko'ina da tsumma, a shigo da kaskon garwashi ɗaki a kwanta. Gawayi in yana ci a rufaffen wuri yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari balle ta tashe ka. Tana shiga jini ta kama gurbin iskar da jiki ke buƙata. Mai ido biyu zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Mai barci ba ya jin komai. Ka zaunar da amarya ka faɗa mata wannan da bakinka, domin kaskon turaren wuta ba ya rabuwa da ɗakin amarya. A turara ɗaki da taga a buɗe, a fitar da kaskon waje kafin a kwanta, ko da garwashin ya yi kamar ya mutu. In sanyi ya yi yawa a ƙara bargo. Irin wannan gubar ce a hayaƙin janareta. Tun yanzu ka zaɓa masa wuri a fili, nesa da taga da ƙofa, kamar mita 6 in filin ya kai, bakin salansa yana kallon waje. Ba a soro ba, ba a kicin ba, ba a lungun da ke bayan tagar uwar ɗaka ba, ko da tsoron ɓarawo ne, gara a yi masa keji na ƙarfe a sarari. Duk ranar da ku biyu kuka ji ciwon kai da jiri lokaci guda a cikin gida, ku fita waje tukuna, sannan ku nemi asibiti.

Sai hitar nan da ake tsomawa a bokiti. Na san ba mai wanka da ruwan sanyi a Jos cikin hunturu, amma wannan abin ya jawo asarar rayuka da dukiya. Ana jona ta, a ɗauke wuta, a manta a fita, a dawo da wuta ruwan ya ƙone, bokitin roba ya kama. Ko kuma a tsoma hannu don a ji ko ruwan ya yi zafi alhali tana jone. In za ku iya dafa ruwa a buta ko a kan gas, ya fi. Ku kuma sa wa kanku doka a gidan: in aka ɗauke wuta, a zare dutsen guga da hita da buta nan take.

Tukunyar gas, ko sabuwa ce cikin kayan amarya, a duba shekarar da aka buga a jikinta, domin ƙa'idar ƙasar nan shekara 15 ne iyakar rayuwarta. A sa sabon tiyo na gas, a ɗaure bakinsa biyu da maɗauri, sannan a kaɗa ruwan sabulu a shafa a duk mahaɗa. Inda ya yi ƙwai yana tasowa, nan yake zuba. Ba a gwadawa da ashana. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya zuba a ƙasa yake kwanciya, don haka kicin ɗin da ba shi da taga mai buɗuwa ba wurin ajiye tukunya ba ne, gara a huda bango a bar ta a waje cikin inuwa. In an ji warinsa, kada a taɓa makunnin fitila, a rufe kan tukunya, a buɗe ƙofofi, a fita. Sayi ƙaramar tukunyar kashe gobara ka rataye kusa da ƙofar kicin, ka koya mata yadda ake zare fil ɗin, ka gaya mata in mai ya kama a kasko murfi ake kifawa, ba a zuba ruwa. Ku ajiye lambar gaggawa ta 112 a wayoyinku, tare da lambar maƙwabci biyu.

Dubi tagogin kuma. Mun saba da ƙarfen taga saboda ɓarayi, amma ƙarfen da ya hana ɓarawo shiga shi zai hana ku fita in wuta ta tare ƙofar falo. Sa mai walda ya yanke na tagar uwar ɗaka ya mayar da shi mai buɗuwa da kwaɗo daga ciki, a rataye makullin a ƙusa kusa da tagar, inda hannu zai kai a cikin duhu. Makullan ƙofofin waje duk a canja su, ba ka san hannu nawa tsofaffin suka bi ba.

To, tsagar bango. Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Siraran nan masu kama da gashi a jikin filasta, waɗanda ba su da alƙibla, yawanci bushewar siminti ce. Amma wadda ta tashi daga kusurwar taga ta gangara a karkace, kamar yadda ka kwatanta, tana iya zama alamar cewa wani ɓangaren tushen ginin yana zama. Koma ka duba abubuwa kaɗan. Fita waje ka ga ko ta ratsa har ta bayyana a ɗaya fuskar bangon. Ga ko bakinta ɗaya ya fi ɗayan faɗi. Buɗe tagar da ƙofar ɗakin ka ji ko suna cijewa. Duba ko daɓen ƙasa ya rabu da bango. Babbar alama kuma ita ce wannan: fentin sabo ne, in har tsagar ta yaga shi, to ko dai ba a cike ta ba aka shafe, ko tana motsi har yanzu. In ka ga biyu daga cikin waɗannan, magini bai isa ya yanke hukunci ba, nemo injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, ya gani da idonsa.  Mu mutanen Jos ba mu manta da ranar 12 ga Yulin 2024 ba, da ginin makaranta mai bene ya rufta a Busa Buji ana tsakiyar karatu, mutum 22 suka rasu, akasarinsu yara. Gidanka ba bene ba ne, amma bango ɗaya ya isa. Tambayi tsofaffin unguwa mene ne a filin kafin a gina shi. A ƙasar da aka shafe fiye da shekara 100 ana haƙar kuza, ga tsofaffin bola da fadamu da aka cike, wannan tambaya ce mai muhimmanci.

Fentin da ke kumbura kuwa ruwa ne a cikin bangon. Damina ta ɗauke tun Oktoba, in har yanzu yana ɓarewa, to ruwan yana da mafari. Duba abin da ke bayan bangon. In banɗaki ne, mai yiwuwa fayif ne ya tsage a ciki ko ruwan wanka ke bi ta ƙarƙashin tayil, wannan gyaransa da sauƙi. In bangon waje ne, ka ga farin gari kamar gishiri a jikinsa, to daga ƙasa ruwan yake hawowa, sai ka duba ko ƙasar waje ta fi daɓen ɗaki tudu, ko ruwan indararo a gindin bangon yake zuba. Ƙara fenti a kai ɓarnar kuɗi ce. Ɗaki mai laima yana tayar da asma da tari, yana kuma sa atamfofi da lesukan lefe su yi fumfuna a cikin akwati. Ko an gyara, a bar tazarar tafin hannu tsakanin wadrof da bangon.

Matsalarka ita ce da rani kake duba gida, alhali da damina gida ke nuna halinsa. Kuma ka ce Rikkos. A watan Yulin 2012, farkon azumi, an yi ruwan da ya sa madatsar Lamingo ta tumbatsa, ambaliya ta bi ta Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo cikin dare, sama da mutum 30 suka rasu, gidaje masu yawa suka rushe. Ba duk Rikkos ce ke bakin rafi ba, akwai tudu akwai gangare, amma wajibi ne ka san a ina naka yake. Taka da ƙafa daga ƙofar gidan zuwa rafi ko babban kwalbati mafi kusa, ka ga gangarowa kake ko hawa. Dubi katangar maƙwabta wadda ba a yi wa fenti ba, ruwa yakan bar layin laka a inda ya tsaya. In ka ga gidajen layin duk sun ɗaga dokin ƙofa da bulo ɗaya ko biyu, ba don ado suka yi ba. Zauna wurin mai shayin layin ka tambaya: a watan Agusta ina ruwa yake kaiwa a nan? Me ya sa wanda ke gidan ya tashi? In da hali sa wata 'yar'uwarka ta shiga ta gaisa da matan maƙwabta, su suka fi kowa sanin gidan da ake kwashe ruwa da roba.

Rijiya ba a rufe ta da kwano. A ɗaga bakinta da bulo ya kai ƙugu, a yi mata murfin ƙarfe mai kwaɗo, a daɓe kewayenta yadda ruwan wanki ba zai koma ciki ba. Ba ku da yaro tukuna, amma gidan amarya ba ya rabuwa da yaran maƙwabta da ƙannen da ake turowa taya ta zama. Tunda ta shekara ba a ja, a kira masu yasa su kwashe ta a zuba mata sinadarin kulorin. Mai shiga ya ɗaura igiya a ƙugu, da mutane a sama, kuma kada a kuskura a zura injin jan ruwa mai fetur cikin ramin, hayaƙinsa yana kashe wanda ke ƙasa. Sannan auna tazarar da ke tsakaninta da sokawe, naku da na maƙwabta. Masana lafiya suna son a sami mita 30, filin gidajenmu kuwa mai ƙafa 50 da 100 gaba ɗayan tsawonsa ke nan. Saboda haka ɗauki ruwan rijiyar a matsayin na wanki da wanka. Na sha a tafasa shi ko a nemo wani, domin ta nan taifod da amai da gudawa suke shiga gida. Murfin sokawen ma a duba shi, in ya tsage ko ƙarfen cikinsa ya fito ya yi tsatsa a sake zuba wani. Zuba bokiti biyu ko uku a masai da magudanar banɗaki ka ga ko suna wucewa. In akwai tankin ruwa a sama, duba ƙafafun ƙarfen da ke ɗauke da shi, lita 1,000 na ruwa nauyin tan guda ne.

Gidan da ya shekara a rufe, ɓeraye sun riga ku tarewa. Kada ka sa yara su share kashinsu a bushe, ƙurar tana tashi a shaƙa. Zazzaɓin Lassa daga fitsari da kashin ɓera ake ɗaukarsa, da rani ya fi yaɗuwa, kuma ba baƙo ba ne a garin nan: a 1970 ya kashe Dakta Jeanette Troup, likitar asibitin Jankwano, shekara guda bayan an fara gano cutar. A buɗe tagogi gidan ya sha iska, a yayyafa ruwan bilic a bar shi ya jiƙa, sannan a goge da safar hannu da takunkumi. A toshe ramuka da siminti, musamman inda fayif ya ratsa bango, a gyara ragar tagogi saboda sauro. In za a yi feshin ƙwari, a yi shi kamar mako guda kafin jere, gidan ba kowa, a bar shi a buɗe bayan nan. Ban da fiya-fiya, ban da ƙwayar nan da ake sa wa buhun wake, ban da Sniper, wanda tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna domin maganin gona ne. A sare ciyawar bayan gida, a kwashe tarin bulo da duwatsu, maɓoyar maciji da kunama ke nan. Ranar jere kuma ka ja kunnen masu buga ƙusa, kada su buga a saitin soket ko makunni, sama ko ƙasa, ta nan waya take bi.

Saura Alhaji. Kada ka tsallake mahaifinka. Fara kai masa maganar, ka nuna masa hotunan da ka ɗauka a waya, ka gaya masa abin da mai gyaran wuta da injiniya suka ce, da kuɗin da suka yanka. In ya ga ya dace ya yi wa amininsa magana da kansa, shi ke nan, su sun san yadda suke yi. In ya ce ka je, to je gida ka same shi bayan la'asar, ba ta waya ba, ba ta bakin dillali ba. Durƙusa ka gaishe shi, ka yi godiyar ragin da ya yi maka, sannan ka ce: "Baba, na shiga gidan ina shirin jere, sai na ga wasu abubuwa da na ce bai kamata in ɓoye maka ba, kada su lalata maka gida. Na zo ka ba ni shawarar yadda za a yi." Wannan ba raini ba ne, kula da dukiyarsa ce. Abin da ya shafi jikin gini, wato rufi, wayarin, sokawe, rijiya da tsagar bango, bisa al'ada na mai gida ne. Makulli, ragar sauro, tiyon gas da shara naka ne. In ya ce ba kuɗi a hannunsa yanzu, nemi izininsa ka yi aikin a cire a kuɗin hayar baɗi, ka ajiye rasit. Kuma a rubuta, da shaidu biyu. Kada ka ji nauyin wannan, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Rubutun shi zai tsare zumuncinsa da mahaifinka ranar da mantuwa ta zo.

Kuɗin kuwa, duba abin da ya rage na hidimar biki. Kujerun haya, mai hoto na biyu, ƙarin kwalaben lemo, wani ɗinkin da ba dole ba, daga nan za su fito. Ba wanda zai tuna da su bayan wata guda.

In injiniya ya ce tushen ginin yana motsi, ko ka tabbatar ruwa yana shiga ɗakunan da damina, kada ku tare a gidan, ko da an buga kati. Ɗaurin aure ba ya jiran gida, a ɗaura a ranar da aka sa, a ɗaga jere da tarewa. Tura waliyyinka ya gaya wa iyayenta gaskiyar dalili, ba uban da zai ji haushin surukin da ya ƙi kai masa 'ya gidan da bai amince da shi ba. Sai ku roƙi Alhaji ya mayar da kuɗin ko ya gyara kafin ku shiga. In kuwa tsagar ta filasta ce, laimar kuma ta fayif, to mako uku ya ishe ka: wuta da injiniya a makon farko, rijiya da walda da gyaran bango a na biyu, feshi da wanke gida a farkon na uku. Ruwan farko mai ƙarfi na watan Afrilu kuma, ka sake hawa silin da tocila tun ana cikin yinsa, ka zagaya bayan gida ka ga inda yake taruwa.

Rubuto min abin da injiniyan ya ce. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ɗayyiba.